Idon likitan fata

Ƙurajen fuska ba sa kwantar da mutum, shi ya sa da yawa ba su ɗauke su ciwo ba. Amma a tambayi budurwar da ta daina zuwa biki a Tasawa, ko ɗalibin da ke laɓewa a bencin baya a Mayahi don kada a kalle shi. Wanda ya sha wannan kunya, in Allah ya nufe shi da zama likitan fata, yakan shigo aikin da sanin nauyin tabo guda a kumatu, ba ya cewa da kowa "ai ba komai ba ne".

Aikin kansa na ido ne da yatsa da tambaya. Zai fito da kai hasken rana ya duba, ya shafa wurin ya ji kaushinsa, domin jan da littattafan Turai ke nunawa ba ya fitowa sosai a baƙar fata. Sai ya tambaya: yaushe ya fara? Da dare ƙaiƙayin ya fi tsanani? Akwai mai susa a gida? Amsa biyu ta isa ya zargi ƙazwa, ya ce a yi wa gida duka magani, a wanke tufafi da shimfiɗa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan ƙullin auduga. Tabo mai haske a baya yana iya zama kyasbi, yana iya zama farkon kuturta. Sai likita ya ce ka rufe ido, ya taɓa tabon da auduga. In ba ka ji ba, ya san jijiya ta taɓu. Wannan ɗan gwaji kan ceci yatsun manomi, don maganin kuturta kyauta ake ba da shi a duniya tun 1995, ana sha wata 6 ko 12. Mutanen jihar Maraɗi sun san asibitin Danja, wanda ya daɗe yana wannan aiki.

Ƙurajen balaga kuwa, maiƙon fata ne ke yawaita, ƙofofin gashi su toshe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. A fatarmu, baƙin tabon da ƙurji ke bari ya fi ƙurjin daɗewa, matsewa kuma ƙara shi take yi. Gwanin likita zai faɗa maka gaskiya: magani na ɗaukar sati 6 zuwa 8 kafin a ga canji. Zai kuma tambayi mace, cikin ladabi, wane mai take shafawa, saboda mayukan sauya launi masu ɗauke da kotizon, irin waɗanda ake tallarsu ranar kasuwa, su ma suna haddasa ƙuraje, su sirantar da fata. Ba ya rubuta wasu ƙwayoyin sai ya tabbata babu juna biyu.

Masu wannan ilimi kaɗan ne a Nijar, yawancinsu kuma suna Yamai. Hanyar tana da tsawo: karatun likitanci a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko ta Abdu Mumuni, sannan ƙarin shekaru na ƙwarewa, sau da yawa a Dakar ko Bamako. Ƴan makaranta na Tasawa da Mayahi, musamman ku da ƙuraje suka hana ku ɗaga kai, ku riƙe karatun kimiyya da kyau. Garuruwanku na bukatar likitan fata nasu.