Mamman Nasir da Kotun Ɗaukaka Ƙara

Masu ba da labarin marigayi Mamman Nasir, Galadiman Katsina, sun fi son jera muƙamansa. An haife shi a 1929, ya zama lauya a Ingila a 1955, sa'ad da lauyoyin Arewa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ya riƙe Ministan Shari'a na Jihar Arewa a zamanin Sardauna, ya hau kujerar Kotun Ƙoli a 1975. Duk gaskiya ne, amma jeren muƙami ba shi ne awon alƙali ba.

Abin dubawa shi ne 1978, shekarar da ya bar Kotun Ƙoli ya karɓi shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda ba ta wuce shekara biyu da kafawa ba. Wani zai ce ai saukowa ya yi. Ni kuwa a ganina nan ne aikin yake. Tsarin mulki na 1979 ya wajabta a sa aƙalla jojoji uku masana shari'ar Musulunci a wannan kotu, da uku masana dokar gargajiya. To, mu mutanen ƙasar Zuru mun san nauyin wannan magana, gama a gida ɗaya sai ka iske Musulmi da Kirista da mai bin al'adar kaka, ga rigimar gado, ga ta gona, ga ta auren golmo. Wanda aka danne a ƙaramar kotu, in yana da halin bin matakan, a zamanin nan har Kaduna ƙararsa ke kaiwa. Shekara 14 Mamman Nasir ya yi yana riƙe da wannan ragama, mafi yawansu a ƙarƙashin soja.

Amma fa akwai inda na ke da ja. Bayan ya huta a 1992 aka naɗa shi Galadima, Hakimin Malumfashi, sa'an nan ya yarda ya shugabanci kwamitin Janar Abacha na shirin miƙa mulki. Shirin nan kuwa shi ne ya ƙare a 1998 da jam'iyyu biyar duka suna tsai da Abacha. Masu yabo sukan tsallake wannan wuri da sauri. Bai kamata ba, domin sunan da ya ara wa kwamitin a kujerar shari'a ya samo shi.

Ya rasu a 2019. Allah ya jiƙansa.