Takardar cikin kwalin Jakavi: gaskiya ta faɗa, amma ba da mutumin Kusada take magana ba

Mai karatu, ka san takardar nan mai ƙananan rubutu da ake naɗewa a cikin kwalin magani, wadda yawancinmu ita muke fara jefarwa. Yau za mu duba ta wani magani mai suna Jakavi, mu auna ta da rayuwar majinyacin da ke zaune a Kusada ko Kankiya. Abin da ke cikinta daidai ne. Matsalar ita ce an tsara ta don wanda ke da ɗakin gwaji kusa da gida, da inshorar da ke biya masa, da ɗaki mai sanyi.

Bari mu fara da cutar. Mayelofaibrosis nau'in sankarar jini ne da ba a cika samu ba, kuma ya fi kama manya. Ɓargo, inda jiki ke ƙera jini, shi ne yake cika da tabo har ya gaza. Sai saifa ta karɓi aikin, ta yi ta kumbura har ta danne tumbi, mutum ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi. Ga ƙarancin jini, ga kasala, ga rama da zufar dare. A shekarar 2005 aka gano cewa fiye da rabin masu cutar suna da sauyi a wata ƙwayar halitta mai suna JAK2, wadda take zama kamar makunnin lantarkin da ya maƙale ya ƙi kashewa. Ruksolitinib, sinadarin da ke cikin Jakavi, shi yake rage mata ƙarfi. Amurka ta amince da shi a 2011, Turai a 2012. A wani gwaji na mutum 309, kusan kashi 42 cikin 100 na waɗanda suka sha shi saifarsu ta ragu sosai cikin mako 24, alhali a ɓangaren da aka ba ƙwayar da ba magani a ciki ba a kai kashi 1 ba. Yana aiki kenan. Sai dai sauƙi yake kawowa. Dashen ɓargo ne kaɗai ke iya kawar da cutar.

A ba takardar haƙƙinta. Ta hana mai ciki da mai shayarwa shan maganin. Ta ce wanda ya manta bai sha ba kada ya ninka na gaba. Ta kuma lissafo magungunan da ba sa jituwa da shi. To ina giɓin yake?

Na farko, ta ɗauka an riga an tabbatar da cutar. A wajenmu kuwa kumburin saifa yana da iyaye da yawa: zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa, tsargiyar hanji, ciwon hanta, da wasu nau'o'in sankarar jini. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi fice wajen nazarin kumburin saifa na zazzaɓin sauro, kuma a 1981 ɗaya daga cikinsu, Fakunle, ya fitar da ƙa'idojin gane shi. Wannan da maganin zazzaɓi ake magance shi. Mayelofaibrosis kuwa sai an ɗebi ɓargo an duba, a hannun likitan jini, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa na Katsina, Kano da Shika. Don haka kada wani ya ga maganin ya yi wa maƙwabci amfani ya ce a sayo masa shi ma.

Na biyu, gwajin jini. Takardar ta ce likita zai riƙa yin sa, ta wuce. Ai nan ne gizo ke saƙa. Adadin da za a sha ya dogara ne da yawan ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Idan sun haura 200,000 ana farawa da miligiram 20 sau biyu a rana. Tsakanin 100,000 da 200,000, miligiram 15. Ƙasa da haka a ƙara ragewa, idan kuma suka faɗi ƙasa da 50,000 likita ya dakatar. Maganin da kansa yana rage su, shi ya sa ake ƙirga su duk bayan mako biyu zuwa huɗu a farko. Ga manomin Kusada, wannan kuɗin mota ne da yini guda ba a je gona ba. Dole a saka shi a lissafi tun kafin a fara. Kuma mai ƙarancin waɗannan ƙwayoyi ya nisanci ƙaho da tsagar wanzami a kan saifa, da shan asfirin ko daikulofenak daga kemis ba da sanin likita ba, domin jinin na iya ƙin tsayawa.

Na uku, tarin tibi da ciwon hanta. Maganin yana raunana garkuwar jiki, sai cutar da ke kwance ta farka. Takardar ta ce ka faɗa wa likita idan ka taɓa yin su. To wanda bai san yana ɗauke da su ba fa? Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin tibi, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A irin wannan ƙasa ba a dogara da abin da majinyaci ya tuna. Gwaji ake yi kafin ƙwayar farko. Ka lura kuma, rama da zazzaɓi da zufar dare alamun cutar ɓargon ne, alamun tibi ne kuma. Idan suka dawo ana cikin shan magani, kada a ce ai tsohon ciwon ne, a je a duba. Rifamfisin na tibi yana rage ƙarfin Jakavi a jiki, fulukonazol da ake saye don sanyi yana ƙara shi. Takardar ta ambaci wani ganye da Turawa ke sha don damuwa, wanda ba wanda ya san shi a kasuwar Kankiya. Jiƙe-jiƙenmu ba su shiga ba. Duk abin da kake sha, ka kai wa likita ya gani.

Na huɗu shi ne mafi haɗari, kuma layi kaɗan aka ba shi can ƙasa: dainawa kwatsam. Mun saba da shan magani har mu ji sauƙi, ko har kuɗi su ƙare. Wannan maganin mai tsada ne, daga nesa ake kawo shi. Idan aka yanke shi lokaci guda, alamun na dawowa cikin kamar mako guda, wasu ma har da zazzaɓi mai zafi, sarƙewar numfashi da faɗuwar ƙarfin bugun jini. A hankali likita ke rage shi, mako bayan mako. Saboda haka dangi su zauna tun farko su tambayi kansu ko za su iya ɗorewa. Idan kwalin ya kusa ƙarewa ba a samu wani ba, a sanar da likita da sauran kwanaki a hannu. Batun azumi ma a tattauna da shi kafin wata ya kama, tunda sau biyu ake sha a rana. Sannan takardar ta ce kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 30, a yankin da watan Afrilu ke haura 40. A nema masa wuri mafi sanyi kuma busasshe a ɗaki, ba aljihu ko cikin mota ba.

Abin da majinyacinmu ke buƙata shafi ɗaya ne da Hausa, da boko da ajami, mai jerin da aka juya: kada ka daina da kanka, ga ranar gwajin jininka, an gwada ka tibi da hanta, ga lambar da za ka kira. Likitocin jini da masu harhaɗa magunguna na iya rubuta shi a zama ɗaya. Kafin a samu, idan kana da majinyaci, ka rubuta waɗannan huɗun a bayan katinsa na asibiti, ka tafi da su ranar ganin likita.