Hanyar da ba ta riƙe sawu

Sunan garinmu Ɗan Gulbi, amma duk wanda ya zo da niyyar ganin jirgi a bakin ruwa zai koma gida da ƙurar Dakoro a rawaninsa. Ruwanmu a ƙarƙashin ƙasa yake, sai da igiya da wasaki, wani lokaci ma sai an ɗaura wa sa ya ja. Gulbin Kaba da ake ji a ƙasar Maradi, goruba ta fi ruwa yawa a cikinsa. Na girma ban san kwale-kwale ba sai a littafin lakwal. Ran da na fara ganinsa da idona a tafkin Madarunfa ne, shi kuwa ruwa ne kwantacce, ba ya zuwa ko'ina. Saboda haka yabon da zan yi wa matuƙin jirgi yabon ɗan tudu ne, wanda ya shiga ruwa ƙirjinsa na dukan uku-uku, ya fito yana mamaki.

Wani ɗan'uwana mai fataucin kifin banda ne ya ja ni zuwa Gaya, a bakin kogin Kwara, cikin hunturu. Tafiya ce mai nisa, ta Madawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, sannan a gangara kudu. Shi ba ya jiran kifi a kasuwa, bin masunta yake yi har inda suka kafa bukkokinsu, daga wannan gungu zuwa wancan. Gungu shi ne tsibirin cikin kogi, daga nan ne ma Gungawan Yawuri suka samu sunansu. Na ji ana cewa a Zanzibar da Tailan masu yawon buɗe ido na zuba kuɗi don a zaga da su tsibirai cikin jirgi su sha iska. Mu kifi ya kai mu, amma aikin mai tuƙi ɗaya ne: ya ɗauke ka daga tudu, ya ratsa da kai inda ƙafarka ba ta da amfani, ya ajiye ka a wani tudun lafiya.

Matuƙinmu dattijo ne Basarke, siriri, ba ya son surutu. Tun kafin mu tashi ya fara aiki. Ya dubi kowannenmu kamar mai taya rago, ya nuna wa kowa wurin zama, ya sa aka jera kwanduna a tsakiya, masu nauyi a ƙasa. Na nemi in koma gefe don in fi ganin ruwa, sai ya ce, "Ɗana, zauna inda na sa ka." Na ce, "To, Baba." Daga baya na fahimci lissafinsa. Ya sa tafin hannu a gefen jirgin ya auna abin da ya rage tsakanin bakin katako da ruwa. Wannan ɗan tazarar ita ce ran kowa da ke ciki, kuma mutum ɗaya da ya karkata ba bisa ƙa'ida ba yana iya cinye ta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hanya. A wajenmu hanya tana da sawu. Makiyayi ya bi burtali, amalanke ta bar zane a yashi, ko da dare jaki ya san gida. Kogi kuwa ba ya riƙe sawun kowa, jirgi na wucewa yake shafewa. Duk da haka akwai hanya a cikinsa, kuma dattijon nan ganinta yake kamar kwalta. Inda kogi ya yi kwana, ruwa na cin gaɓar waje yana zurfafa ta, yana tara yashi a ta ciki. Don haka in za a gangara sai ya bi ta waje, inda ruwa ke da zurfi da gudu, ya bar kogin ya yi masa aiki, filafili na gyara kai kawai. In za a haura sai ya rungumi gaɓa, inda ruwa ya yi sanyin jiki, ya miƙe tsaye a bayan jirgin da doguwar gora yana dogarawa. Gorar nan ba turi kaɗai take yi ba, ido ce ta biyu. Da ta taɓa ƙasa hannunsa ya gaya masa ko yashi ne, ko laka mai riƙe sanda, ko dutse.

Fuskar ruwa ma rubutu ce a wajensa. Inda ta yi ƙananan kunya-kunya kamar an share yashi da tsintsiya, ba zurfi. Inda ta yi duhu ta yi sumul, nan ne hanya. Inda ta ɗan kumbura ta tsage biyu ba gaira ba dalili, akwai abin da ke kwance a ƙasa, dutse ko kututture, sai a ba shi wuri. Ni duk ruwa nake gani. Na yi ta zura ido inda yake duba har idona ya yi yaji, ban tsinci komai ba, sai ya karkata jirgin kaɗan mu wuce, in waiga in ga kan baƙin dutse yana leƙowa a bayanmu.

Tsallakawa kuma wani darasi ne. Ɗan tudu zai ce a miƙe sak zuwa inda ake so. Wanda ya yi haka ruwa zai kai shi can ƙasa da mashigi, ya dawo yana haki. Shi sai ya karkata hancin jirgin ya fuskanci sama, kamar ba can za shi ba, ruwa na turowa yana tarewa, jirgin na tafiya a kaikaice har ya sauka daidai inda mata ke wanki. Gungu ma ba ta ka ake hawansa ba. A kansa ne ruwa ke rabuwa da ƙarfi, nan itace da kainuwa da duk tarkacen kogi ke taruwa. Sai ya wuce shi, ya zagayo ta wutsiya inda tsibirin ya tare gudun ruwa, ya shigo a hankali. Sau huɗu muka sauka a wunin nan, ko sau ɗaya jirgin bai bugi gaɓa ba.

Wahalar sana'ar ita ce hanyar bara ba lalle ta zama ta bana ba. Kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa, ya taso ne daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku, wajen 550 daga ciki a ƙasar Nijar. Sau biyu yake cika a shekara. Akwai cikar damina, wajen Agusta da Satumba, ruwan sama na kusa mai ɗauke da laka, jajawur. Sannan akwai ta hunturu, ruwan da ya sauka a Gini tun da damina, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso wajen Janairu garau, baƙin ruwa. Ka ji ikon Allah: mu a Dakoro rijiya na ja da baya, su kogi na cika ba ko ɗigon ruwan sama. Kowace cika tana kwashe yashi daga nan ta jibge a can. Tudun da aka shanya taru a kansa bara, bana jirgi na bi ta samansa. Matuƙi dole ya sake karatun kogi duk shekara.

Don kada a ce na zuzuta, ga abin da ya faru da manyan alƙalan duniya. Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya kan tsibirin Lete, wanda ke sama da Gaya, tun farkon samun ƴancin kai a 1960. A 2002 suka kai maganar Kotun Duniya da ke Hague. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotun ta yanke hukunci cewa iyaka tana bin layin da ya fi zurfi a babbar hanyar da jirage ke bi cikin kogin. Da wannan ma'auni aka raba tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Wato an tara lauyoyi da tsofaffin taswirori da rahotannin masu awon zurfi, duk don a gano abin da dattijon nan ke lalubawa da gora kowace safiya. Da na karanta hukuncin sai da na yi dariya ni kaɗai.

Sanin nan gado ne mai tsawo. Sarkawa jikokin Sorko ne, masuntan da daular Songhai ta dogara da jiragensu. Sarkinta Sonni Ali, wanda ya ci Tumbutu a 1468, da rundunar ruwa ya yi wa Jenne ƙawanya, kuma daular na da sarauta ta musamman ta shugaban jirage, Hi-koi. Waɗanda suka gangaro Kabi da Yawuri suka zama Hausawa da harshe, suka riƙe sarkanci. Har yau akwai Sarkin Ruwa a Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asalinsa na zamani daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Jama'a sun fi kallon wanda ya ciro ƙaton giwan ruwa, amma ni kabanci ya fi burge ni, wasannin ruwa da tseren kwale-kwale, domin nan ake ganin hannu. Yawuri ma na da Rigata. Wanda ya raina wannan sani kuwa, tarihi ya ajiye masa misali. Mungo Park ya taso daga Sansanding ta Mali a ƙarshen 1805 cikin jirginsa, ya yi tafiya mai nisan gaske. A Yawuri ya rabu da jagoransa Amadi Fatuma, bai yi nisa ba ya halaka a duwatsun Busa.

Yaron Sarkawa ba da filafili yake farawa ba, da ƙwarya yake farawa, yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa. Yana zaune a tsakiya shekara da shekaru, jikinsa na koyon rawar jirgi, idonsa na bin na ubansa. Daga nan a ba shi gaba, sai can a ba shi baya, domin a baya ake mulkin jirgi. Ka lura da hannun gwani: gefe ɗaya yake tuƙi, amma jirgin ba ya juyawa, saboda a ƙarshen kowane ja yana ɗan murɗa filafilin ya gyara kai. Yana koyon itace, ya san maɗaci da kawo sun fi jure ruwa, ya san jirgin da aka bari a rana tsagewa yake yi. Yana koyon sama, ya san hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska a gabansa, in ya ga gabas ta haɗe ba ya jiran shawara, gungu mafi kusa zai nufa.

Sai dorina. Mun zo wani wuri mai burgu, dattijon ya rage tafiya, ya riƙa bubbuga gefen jirgi da filafili. Can sai ga kunnuwa da hanci sun ɓullo, biyu, uku. Ashe sallama yake yi, don ta ji ta fito ya san inda take, kada ta taso a ƙarƙashinmu. Ya yi nesa da su, bai shiga tsakaninsu da zurfi ba, domin can take gudu in ta tsorata, mai ɗa kuwa ba ta da wasa. Ni dai duk addu'ar da na sani sai da na karanta. Ɗan'uwana yana ta lissafin kwandunansa.

Abin da ke damuna shi ne inji ya sa kowa ya zama matuƙi. Ba na ƙin inji, ya rage wahala, ya kai mara lafiya asibiti kan lokaci. Amma gora tana tilasta wa mutum ya saurari ƙasan kogi, inji kuwa ba ya jin komai sai ya daka. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta shanye tsohuwar Busa da tsibirin Foge, aka tashi dubban mutane, itatuwan da ruwa ya rufe kuma suka zama kututture masu jiran jirgi. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse kusa da Warra a Jihar Kabi, kaɗan ne suka tsira. Lodi fiye da kima, tsohon katako, tafiyar dare, rashin rigar ceto, su ne ake ta ambata duk lokacin da irin wannan ta faru. Da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, fito ya dawo da ƙarfinsa, mutane da kaya duk ta kwale-kwale, kuma inda kuɗi ya buɗe da sauri, wanda ya iya da wanda bai iya ba duk sukan sayi jirgi.

Mutanenmu na tudu na yawan bin hanyar nan, masu zuwa ci-rani Kwatano da masu fatauci. In Allah ya kai ka bakin kogi, ɗan'uwa, dubi tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa kafin ka sa ƙafa. Nemi matuƙin da har yanzu ke ajiye gora a gefen injinsa. Zauna inda ya nuna maka, sa rigar ceto in akwai, in kuma ya ce jirgi ya cika, kada ka roƙe shi, jira na gaba.