A Bar Ajwa Yadda Take

Duk wanda ya leƙa shagunan dabino da ke kewaye da Masallacin Annabi (SAW) a 'yan shekarun nan ya san kasuwa ta sauya salo. An cire wa dabino ƙwallo, an cusa masa lauz ko fustuƙ, an lulluɓe shi da cakulan, an jera a kwali mai ƙyalli, alhazanmu kuma sai kwasa suke yi don tsaraba. Yayin ya shiga gidaje ma: a narka baƙin cakulan, a shimfiɗa a faranti, a barbaɗa yankakken dabino da gyaɗa ko riɗi, in ya daskare a kakkarya shi kamar kantu.

Ni dai na gidan nake goya wa baya. A 2024 farashin koko ya haura dala 10,000 kowane tan, bayan noman ya yi rashin kyau a Ghana da Kodebuwa, kuma cakulan mai araha galibi man ganye ne da sukari, koko ɗan kaɗan. Uwargidan da ta sayi mai koko kashi 70 cikin ɗari ta san abin da ta zuba da hannunta. Irin wannan yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da maganiziyam, da harza mai taimakon hanji.

Sai dai masu tallarsa a matsayin abincin lafiya sun zarce. Giram 100 nasa na ɗauke da kalori kusan 600, kusan kwatansa sukari ne, ga dabinon da aka barbaɗa, wanda fiye da rabinsa sukari ne. Mai ciwon suga ya ci da lissafi, ko da kuwa daga Madina aka kawo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yayyanka ajwa a binne a cikin cakulan. Dabino ne mai tsada, zaƙinsa a natse, ga falalarsa da ta zo a Sahihul Bukhari. Ɗacin koko yana danne ɗanɗanonsa gaba ɗaya, ka biya kuɗin ajwa ka ci abin da ba ka iya bambantawa. Dabinon safawi ko mabrum sun isa wannan aiki, kuma sun fi sauƙi a aljihu.

Ga kuma rana. Hajji yanzu a lokacin zafi yake faɗowa, Madina takan haura digiri 40, cakulan kuwa ɗumin jiki ma ya isa ya narkar da shi. Hajiya, sayo dabinonki zalla, in kin sauka Kano kya haɗa naki.