Tambayar Needham da Mudun Aro

Mai karatu, in ka taɓa leƙa littattafan Joseph Needham kan kimiyya da wayewar ƙasar Sin, waɗanda maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta fara fitarwa a 1954, ka san mutumin ya yi aiki. Ya bi diddigin takarda, albarushi, ɗab'i da kamfas, ya nuna Sinawa sun riga Turawa da ɗaruruwan shekaru. Sai ya tambaya: me ya hana kimiyyar zamani tsirowa a can? Amsarsa ta karkata ga tsarin al'umma: haziƙai sun ruga jarrabawar shiga aikin sarki, wadda sai a 1905 aka soke ta, ɗan kasuwa kuwa ba shi da wata daraja.

To, ga inda nake da ja. Tambayar ta ɗauka cewa hanyar Turai ce kaɗai hanya, wanda bai bi ta ba ya makara. An auna hatsin Sin da mudun maƙwabci ke nan.

Ka duba littattafan makarantar 'ya'yanka a nan Ingila, sau da yawa mudun nan ne dai. Ba su labarin Needham, amma ka nuna musu inda tambayarsa ta karkace.