HULAR KWANO KO TAKARDAR BANKI: INA JARUMTAR VIV RICHARDS TAKE?

Mai karatu, na san za ka ce me ya haɗa marubuciyar littattafan soyayya da wasan kurket, wasan da a garuruwanmu ko sunansa ba kowa ya sani ba. To ka yi mini haƙuri kaɗan. Sana'armu mu marubuta ita ce ƙera jarumi, kullum muna cikin tambayar me ke sa a ce wane namijin duniya ne. Akwai wani mutum da masana wannan wasa suka shafe shekaru suna jayayya a kan jarumtarsa, kuma jayayyar tasu ta shafi wannan tambaya tamu. Sunansa Viv Richards, an haife shi a 1952 a Antigwa, wani ɗan tsibiri a yankin Karebiyan, inda akasarin jama'a jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne.

Bari in ɗan fayyace wasan don mu tafi tare. Mutum ɗaya ne yake rugowa da gudu ya wurgo ƙwallo, ɗaya kuma yana tsaye da sanda mai faɗi yana kare wasu turaku uku da aka kafa a bayansa. In ya maka ƙwallon ta yi nisa sai ya samu maki, in kuwa ta bugi turakun, ko aka cafe ta a sama, to ya fita. Ƙwallon nan fa kada ka ɗauka irin ta roba ce. Tauri gare ta kamar dutse, an naɗe ta da fata, nauyinta wajen giram 160. Tsakanin mai jifa da mai bugu kimanin mita 20 ne kacal, kuma gwanayen jifa suna sako ta da gudun da ya haura kilomita 140 a awa. Sau da yawa da gangan suke dukan ƙasa da ita don ta yi tsalle ta nufi fuska. Kafin ka ƙifta ido ta iso. Babban wasa tsakanin ƙasashe, wanda suke kira Tes, yakan ɗauki kwana biyar ana yi.

Richards ya buga wa ƙungiyar haɗin gwiwar tsibiran nan, wato West Indies, irin wannan babban wasa har 121 daga 1974 zuwa 1991, ya tara maki 8,540. A 1976 kaɗai ya ci 1,710. A wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1979 a Landan ya ci 138 ba a fitar da shi ba, suka ɗauke kofi a hannun Ingila. A 1986 a garinsu ya cika maki 100 da ƙwallo 56 kacal. Ya shugabanci ƙungiyar a wasa 50, ba a taɓa cinye su a jerin wasanni ba yana kyaftin. Duk wannan babu mai gardama a kai, yabon gwani ya zama dole. Inda ake samun saɓani shi ne maganar hula.

Wajen 1977 zuwa 1978 'yan wasa suka fara sa hular kwano don kare kawunansu. Cikin 'yan shekaru kusan kowa ya rungume ta. Richards ya ƙi. Har ya yi ritaya da 'yar hularsa ta yadi mai ruwan jan goro yake fitowa, yana tafe a hankali yana taunar cingam kamar wanda zai je zance. Masoyansa suka ce shi ke nan, an gama magana, ba a taɓa yin mai bugu marar tsoro kamarsa ba. Masu suka kuwa suna da hujjoji uku, kuma ni ban ga dalilin da za a yi watsi da su ba.

Ta farko, sun ce ai kafin zuwan hular kowa ma haka yake wasa. Don Bradman na Ostareliya, wanda har yau ba a kamo ƙafarsa a yawan maki a kowane bugu ba, bai taɓa sanin wata hular kwano ba. Ta biyu, wadda ta fi nauyi, sun ce masu jifan da suka fi kowa ban tsoro a zamanin, irin su Andy Roberts da Michael Holding da Joel Garner da Malcolm Marshall, duk 'yan ƙungiyarsa ne, don haka bai taɓa tsayawa gabansu a wasan ƙasa da ƙasa ba. Suka ce in jarumi ake nema ga Sunil Gavaskar na Indiya nan, ɗan gajeren mutum, shi ne yake fara shiga fili ƙwallo tana sabuwa fil, shi ma bai sa hular kwano ba, kuma sau 13 yana cin maki 100 ko fiye a kan West Indies. Ta uku, sun ce ƙin sa hular ma ganganci ne da girman kai.

Hujja ta biyun tana da amsa. Richards ya tsaya gaban Dennis Lillee da Jeff Thomson a Ostareliya a ƙarshen 1975 zuwa farkon 1976, lokacin da suke kan ganiyarsu, aka lallasa ƙungiyarsa biyar da ɗaya, ya dawo ya fi da ƙarfi. Ya kara da Imran Khan na Pakistan da Bob Willis na Ingila. Su 'yan ƙungiyar tasa ma ya gamu da wasunsu a wasannin tsibirai da na gundumomin Ingila, inda ya buga wa Somerset. Saboda haka wanda ya ce a inuwar 'yan uwansa ya fake bai yi masa adalci ba.

Amma hujja ta uku, gaskiya a nan ina tare da masu suka. A 1962 ƙwallo ta fasa ƙoƙon kan Nari Contractor, kyaftin ɗin Indiya, a Barbados, da ƙyar ya sha, bai sake buga wa ƙasarsa babban wasa ba. A Nuwamba 2014 wani saurayi ɗan Ostareliya, Phillip Hughes, ɗan shekara 25, ƙwallo ta same shi a wuya a birnin Sidni, da hular a kansa ma, bayan kwana biyu ya rasu. Wace uwa ce za ta ji wannan ta ce wa ɗanta cire hula ka nuna kai namiji ne? Rigakafi ya fi magani. Abin da Richards ya yi yana kama da sharon Fulani, inda saurayi zai tsaya a tsula masa bulala yana murmushi. Akwai dauriya a ciki, akwai kuma dabara, don mai jifan da ya ga ba a tsoronsa gwiwarsa takan yi sanyi tun kafin ya saki ƙwallon. Sai dai irin wannan jarumta ce ta gaban jama'a, wadda ake biyan mutum da tafi nan take. Kuma ba a gadonta. Yaron da ya kwaikwaye ta ba tare da idon Richards da saurin hannunsa ba, asibiti zai kwana.

To in haka ne me ya rage masa? Ni a ganina abin da ya rage ya fi hular girma nesa ba kusa ba, kuma a wajen fili ya faru.

Tun 1970 duniya ta ƙaurace wa Afirka ta Kudu a wasan kurket saboda mulkin wariyar launin fata. Mu ma Nijeriya muna cikin masu tsananta wannan ƙauracewa a fagen wasanni, har muka janye daga gasar Olamfik ta 1976 da wasannin ƙasashe rainon Ingila na 1978 da 1986 a kan maganar. Hukumar kurket ta can ta rasa abokan wasa, sai ta koma sayen 'yan wasa da kuɗi a asirce. A farkon 1983 wasu 'yan West Indies ƙarƙashin Lawrence Rowe na Jamaika suka sauka a can, aka sake komawa a ƙarshen shekarar zuwa 1984. An ruwaito cewa kowannensu ya samu abin da ya kai dala 100,000, kuɗin da yawancinsu ba su taɓa mafarkin riƙewa ba. Baƙaƙen fata ne, amma don su kwana a otal ɗin da aka hana 'yan ƙasa shiga, sai aka ɗauke su a matsayin Turawan alfarma. A lokacin Nelson Mandela yana kurkuku.

Wanda aka fi so a samu shi ne Richards, don shi ne tauraro. An neme shi, an ce ya faɗi farashinsa da bakinsa. Ya ce ba ya zuwa.

A nan ma akwai masu cewa kada a cika baki. Hujjarsu ita ce mai ƙoshi ne ya ƙi tuwo. Richards yana da gurbinsa a ƙungiya, yana da kwantiraginsa a Ingila, alhali yawancin waɗanda suka tafi 'yan benci ne masu iyali, ba su da tabbacin gobe. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ba na cikin masu jifan waɗancan bayin Allah. An haramta musu wasa, aka ƙyamace su a garuruwansu, wasu suka yi hijira, wasu suka ƙare a titi cikin shaye-shaye da taɓin hankali. Ko da aka ɗage haramcin a 1989 ƙyamar ba ta gushe ba. A 2011 an sa sunan Rowe a wani ɓangare na filin wasa na Kingston bayan ya nemi gafara, jama'a suka yi ca, aka cire sunan. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma talauci ma ba ƙaramin mai tura mutum rami ba ne.

Duk da haka, a duba abu biyu. Na ɗaya, Richards ba waliyyin da ba ya son kuɗi ba ne. A 1977 da attajirin nan na Ostareliya Kerry Packer ya kafa gasarsa ta kansa, hukumomi suna ta kumfar baki, Richards ya sa hannu ya karɓi rabonsa. Ke nan ya san daɗin kuɗi, wannan kuɗin ne dai ya duba ya ga da jini a jikinsa. Na biyu, zuwansa ba daidai yake da zuwan ɗan benci ba. Da ya je, da gwamnatin wariya ta samu hoton da take nema ta nuna wa duniya, ga baƙar fatan da ya fi kowa alfahari da launinsa, mai ɗaura zare ja da ruwan ɗorawa da kore a wuyan hannu, yana wasa a filinmu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya gane askin da za a sa shi, ya bar musu ladansu.

Kuma wannan hali bai faɗo daga sama ba. A 1976, shekarar da aka harbe 'yan makaranta a Soweto, kyaftin ɗin Ingila Tony Greig, haifaffen Afirka ta Kudu, ya faɗa a talabijin cewa zai sa 'yan West Indies su yi rarrafe a gabansa. Richards ya amsa masa da maki 829 a wasa huɗu, har da 291 a bugu ɗaya, aka cinye Ingila uku da nema, a ƙarshe Greig da kansa ya durƙusa ya yi rarrafen a gaban 'yan kallo. Wato tun can mutumin ya ɗauki sandarsa a matsayin bakin da yake rama wa mutanensa da shi. Wanda ya yi wannan a 1976, in ya karɓi takardar banki a 1983, ai ya tashi aikinsa gaba ɗaya.

Kada kuma a ce na mai da shi mala'ika. Mutum tara yake bai cika goma ba. Zuciyar da ta hana shi sunkuyawa ita ce ta sha jefa shi cikin abin kunya. Yana ɗan shekara 17 alƙalin wasa ya fitar da shi ya ƙi fita, 'yan kallo suka cika fili, aka dakatar da shi shekara biyu. A 1990 a Barbados ya ruga kan alƙali yana ihu har aka fitar da Rob Bailey na Ingila, abin da ya jawo masa suka mai yawa, sannan a wasa na gaba ya bar ƙungiyarsa ta shiga fili ba shi, ya hau ɗakin 'yan jarida yana yi wa wani ɗan jarida faɗa. Wannan zafin kai ne, kuma bai kamata masoyansa su riƙa shafa masa mai suna kiransa jarumta ba.

A 2000 littafin tarihin wasan na shekara-shekara, Wisden, ya sa shi cikin gwanaye biyar na ƙarni, ƙasarsa ta ba shi sarautar Sir, ta kuma sa wa babban filin wasanta sunansa. Adadin makinsa kuwa tuni wasu suka wuce shi, har bugun nan na ƙwallo 56 an karya shi a 2016. Lissafi haka yake, na baya yakan shafe na gaba. Abin da ba a karyawa shi ne a'a ɗin da ya faɗa a ɗaki, babu 'yan kallo, babu mai tafi.

Shi ya sa nake jan hankalin 'yan uwana marubuta, mata da maza. Mun cika littattafanmu da jarumin da yake dukan ƙarti goma shi kaɗai, ko mai shiga wuta ya ɗauko budurwa, kuma masu karatu suna so. Amma a gwada sa shi a ɗaki shi da Alhaji mai jaka, a ajiye masa abin da zai raba shi da talauci har abada, da sharaɗin ya sayar da mutuncin gidansu. A nan ne za a san ko jarumi aka rubuta ko ɗan dambe. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ga ƙannenmu kuma da suka fara riƙe sandar kurket, don na ji 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 har sun doke New Zealand a gasar duniya a Janairu 2025, shawarata ita ce ku sa hularku, ku ɗaure ta tam. A wannan kam kada ku bi Richards. Ku bi shi ranar da aka miƙo muku abin da zuciyarku ta san bai halatta ku karɓa ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Na bar ku lafiya.