Ƙamusun da aka rubuta domin Bature, ya amfani ɗan Mafara

Duk shekara idan jarrabawar JAMB ta matso, yaran da nake yi wa darasin yamma a Talata Mafara sukan zo da kuka iri ɗaya. Wasunsu daga Bakura suke, wasu daga Maradun, amma abin da ke kayar da su guda ne: tambayar nan da ake ba ka kalmar Ingilishi a cikin jimla, a jera maka wasu kalmomi, a ce zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Sun haddace jerin kalmomi masu kama da juna kamar karatun allo, amma da an sauya jimlar sai haddar ta watse.

Maganin da na samu yana cikin wani littafi da ba domin su aka rubuta shi ba. An English-Hausa Dictionary na Roxana Ma Newman ya fito a 1990 daga maɗaba'ar Jami'ar Yale ta Amurka. Marubuciyar ba baƙuwar Hausa ba ce, don ita da mijinta Paul Newman suka jagoranci aikin Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci da ya fito a 1977 a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. Wannan na 1990 kuwa mai jin Ingilishi aka nufa da shi, wanda yake son bakinsa ya faɗa da Hausa. Mu sai muka juya shi, muka shiga ta ƙofar baya.

Gwanintar littafin tana wajen rarrabe ma'ana. Ba ya jefa maka kalma ɗaya ya wuce. Yakan kasa kalmar Ingilishi gida-gida, ya nuna muhallin kowace ma'ana, sannan ya kawo jimlolin misali. Ɗauki kalmar break. Bahaushe ya san tulu fashewa yake yi, sanda ta karye, igiya ta tsinke, mai azumi kuma ya buɗe baki. Ko yaron da ke kiwon awaki a bakin madatsar Bakolori ba zai ce igiya ta fashe ba. Ranar da ɗalibi ya ga kalma ɗaya ta Ingilishi ta haɗiye duk waɗannan, daga ranar yake daina tambayar "me take nufi?" ya koma tambayar "me take nufi a nan?" Abin da masu jarrabawa ke nema ke nan.

Akwai wata dabara da muka ƙago a aji. Nakan ce su buɗo fear, fright, dread da terror, su rubuta Hausar da kowace ta ba su. Inda fassarorin suka haɗu, sun gano dangantaka. Inda suka rabu, sun gano bambanci. Mu ma ai muna da tsoro, fargaba, firgita, razana da zullumi, kuma babu wanda zai ce matar da ke jiran mijinta ya dawo daga hanyar Gusau da dare firgita take yi. Fargaba ce ke cinta. Wata yarinya ce ta fara lura da haka, ta ce, "Malam, ashe su ma kalmominsu 'yan uba ne, ba tagwaye ba." Na fi shekara ina neman wannan bayanin ban same shi ba.

A nan ne ƙamusun ya fi littafin Roget na 1852 amfani ga mai koyo. Roget yakan tara maka kalmomi masu dangantaka tuli guda ba tare da bayani ba, wanda ya dace da mai harshen, amma ga ɗan sakandare tamkar a ba makaho zaɓin atamfa ne. Ƙamusun Bargery na 1934 kuma teku ne, sai dai ƙarfinsa daga Hausa zuwa Ingilishi yake.

Ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda. Daidaitacciyar Hausa littafin ya bi, wadda ta fi karkata ga Kananci, don haka yaron da ya tashi yana cewa mussa da habdi sai ya fara fassara su zuwa kyanwa da toka a ransa. Alamomin karin sauti da tsawon wasali da aka ɗora wa kowace kalmar Hausa gata ne ga Bature, amma mu da farko ruɗa mana ido suke yi. Babban giɓin shi ne ba ya koya maka furta kalmar Ingilishi, tunda an ɗauka ka riga ka iya. Sannan ya tsufa. Wayar salula ba ta bazu a Nijeriya ba sai daga 2001, saboda haka kalmomin waya da intanet na yau sai a nema a wani wuri. Roxana da Paul Newman sun fitar da sabon ƙamus mai fuska biyu a maɗaba'ar Jami'ar Bayero a 2020, wanda ya zo daga baya kuma ya fi kusa da hannu.

Kwafi ɗaya gare ni, bangonsa ya sha gam har sau biyu, yara kusan ashirin ke karɓa-karɓa da shi. Ina roƙon masu kula da ɗakunan karatu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da makarantun sakandaren Bakura da Maradun su nemi ko da kwafi biyar-biyar ne, su ajiye inda hannun ɗalibi zai kai.